Gona ma zawiyya ce: tunawa da wani dattijon Adar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta, Yake fitar da tsiro daga ƙwayar da aka binne, Yake tsawaita ran wanda Ya so domin ya ƙara guzuri. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Shehunmu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da dukkan waliyyan Allah.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa. A ƙarshen kakar da ta wuce, bayan an gama ɗaurin hatsi an shigar da shi rumbu, Allah Ya karɓi ran wani dattijo daga cikin 'yan'uwanmu, a wani ƙauye da ke arewacin Tawa, wajen Barmu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya haura shekara 90. Bai taɓa zama muƙaddami ba, bai taɓa ba da karatu a zaure ba, hotonsa bai taɓa hawa kalanda ba. Manomi ne, magidanci, mai sahun farko a masallaci. Tun yana raye ba ya son a ambaci sunansa a taro, don haka muka bar sunan a wurin waɗanda suka san shi. Abin da muke so mu rubuta shi ne halinsa, domin an umarce mu da mu riƙa ambaton alheran mamatanmu, kuma a cikin halin nan nasa akwai karatun da muridi yake bukata.

Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa an tambayi Manzon Allah (S.A.W) wane ne mafi alheri a cikin mutane, sai ya nuna cewa shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa kuma ya yi kyau, mafi sharri kuwa wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa ya munana. Ke nan tsawon rai jari ne kawai. Wani ya juya shi ya ci riba, wani ya cinye uwar kuɗin. Imamu Buhari kuma ya kawo cewa wanda Allah Ya kai shi shekara 60, to Ya yanke masa hanzari. Wannan dattijo an ƙara masa shekara 30 da ɗoriya a kan haka. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: me ya yi da su?

Abin da idonsa ya gani

Irin su ba su da takardar haihuwa, da abubuwan da suka faru suke lissafin shekarunsu. Yana yaro ya ga ana kama mutanen ƙauye aikin tilas na Nasara, ya kuma ji lokacin da aka soke shi a 1946. Yana da aure da 'ya'ya aka ba Nijar mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Ya ga farin 1973 zuwa 1974, lokacin da dabbobin Abzinawa da Fulani suka zube a daji, masu raƙuma ɗari suka gangaro kudu suna neman abin da za su sa a baki. Ya ga yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya, har hatsin da aka saba shigo da shi daga Sakkwato ya yanke. Ya ga farar ɗango ta 2004 da wahalar da ta biyo bayanta a 2005. A waɗannan shekaru gidansa ya ci anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ya ci ganyen jiga, ya ci 'ya'yan ƙarangiya. Ya binne 'ya'ya, ya binne mata, ya binne kusan duk tsaransa. Hausawa sun ce wanda ya daɗe zai ga daɗau.

Duk wanda ya san Adar ya san ƙasa ce mai gwada mutum. Tudu ne na duwatsu, da faƙo, da kwaruruka inda ruwa yake taruwa ya wuce da gudu. Damina wata uku ce, wani lokaci ba ta cika ba. Kaɗan gaba da ƙauyen nasu ake shiga ƙasar kiwo, wajen Abalak, inda tun 1961 doka ta shata iyakar noma. Shi ya sa mazan Adar suka yi suna da tafiya: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya. Shi ma ya yi cin rani a ƙuruciyarsa kamar kowa. Amma 'ya'yansa sun shaida cewa babu daminar da ta taɓa faɗuwa ba ya gida, sai shekarar da ya je aikin Hajji. Fiye da damina 70 a jere yana tsaye a gona ɗaya.

Binne, darasin tawakkali

Manoman ƙasarmu suna da abin da suke kira binne. Idan lokacin ruwa ya matso, sai mutum ya ɗauki irin da ya ɓoye tun kaka, wanda yara suka yi ta kallonsa a kwanakin yunwa ba a taɓa shi ba, ya je ya saka shi a busasshiyar ƙasa. Babu gajimare a sama. Mai yiwuwa ruwa ya zo ya isa, iri ya tsiro. Mai yiwuwa a yi yayyafi ya ruɓar da shi. Mai yiwuwa iska ta tone shi, ko zabi da ɓeraye su cinye. Akwai shekarar da dattijon nan ya yi shuka sau uku, ta ukun da irin da ya ranto.

Ya ɗan'uwa, in kana neman ma'anar tawakkali, ga ta nan a fili. A cikin Suratul Waƙi'a Allah Ya tambayi masu noma ko su ne suke tsirar da abin da suka shuka ko kuwa Shi ne, Ya kuma tunatar da su cewa da Ya so da Ya mayar da shi busasshen karmami. Manomi yana karanta wannan aya da hannunsa kowace shekara. Nasa shi ne sara da jefa iri da rufewa da ƙafa. Ruwa da tsiro da zangarniya na Allah ne. Wanda ya ƙi fita shuka ya ce yana jiran Allah, ya saɓa wa umarnin da Manzon Allah (S.A.W) ya ba mutumin nan mai raƙuma, cewa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Wanda kuma ya shuka ya ɗauka ƙarfinsa ne zai cika rumbu, shekara ɗaya ta fari ta isa ta koya masa hankali.

Haka sha'anin wuridi yake. Muridi yana zama safe da yamma yana ja, sau da yawa zuciyarsa a bushe kamar ƙasar watan Mayu. Bai ga haske ba, bai yi mafarki ba, bai ji wani ɗanɗano ba. Nan ne da yawa suke karaya, su ce sun yi shekara biyar ba a buɗe musu ba. To, wane manomi ne yake tone irinsa kowace safiya don ya ga ko ya fara tsiro? Ka binne, ka rufe, ka koma gobe. Lokacin ruwa yana hannun Mai ruwa.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse

A bayan gonarsa akwai wani faƙo da ya gada, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta fitowa. Bayan yunwar 1984 aka shiga neman yadda za a farfaɗo da irin wannan ƙasa a duk faɗin Adar. A shekarar ce aka buɗe babban aikin Keita da taimakon Italiya, inda jama'a, mafi yawansu mata, suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangare don tare ruwa, aka kuma dasa miliyoyin itatuwa. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka inganta abin da muke kira tassa. Daga kasuwar Badagishiri labarin ya bazu ƙauye ƙauye.

Dattijon nan a lokacin ya doshi shekara 60, shekarun da wasu suke ajiye hauya. Ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya fara. Tassa aikin rani ne, lokacin da rana take dukan dutse. A haƙa rami kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, a matsa taki guda a sake haƙa wani. Gara takan zo cin takin ta huda ƙasar, idan ruwa ya sauka sai ya tsaya a ramin ya nutse maimakon ya gudu. Kadada ɗaya tana cin ramuka dubbai. Mutane suka yi masa dariya a shekarar farko. Bayan 'yan shekaru masu dariyar suka zo aron dabara. Yau a wannan faƙo akwai hatsi, akwai gawo da aduwa da magarya waɗanda suka fito daga ƙwayoyin da ke cikin takin, ya bar su ya yi ta yi musu sassabe har suka zama inuwa.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A) cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, to an rubuta masa sadaka. Imamu Ahmad kuma ya kawo umarnin cewa ko da Alƙiyama za ta tsaya alhali ɗan dashe yana hannun mutum, in yana da iko ya dasa shi. Ku lissafa tsuntsayen da suka sauka a wannan gona cikin shekara 70. Ku lissafa awakin da za su ci 'ya'yan gawon nan bayan maigidan yana kabari.

Zuciya ma tana zama faƙo. Gafala takan daddaɓe ta har wa'azi ya zuba a kanta ya gangare bai shiga ba. Maganinta shi ne na tassa: ƙaramin rami, kullum, a wuri ɗaya. Istigfari shi ne haƙa, salatin Annabi shi ne taki, hailala ita ce iri. Uwar Muminai A'isha (R.A) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Haƙƙin Allah a bakin rumbu

Maƙwabtansa sun san shi da abu ɗaya a lokacin kaka: ba ya shigar da dami rumbu sai ya ware na zakka, a nan gona, kowa yana gani. Hukuncin a mazhabarmu ta Malikiyya sananne ne. Idan hatsi ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, to abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da wahalar ban ruwa kuwa rabin haka. Suratul An'am ta yi umarni a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. A shekarun da hatsin bai kai nisabi ba, zakka ta faɗi a kansa, amma duk da haka sai ya fitar da wani abu ya aika gidajen zawarawa da marayu bayan duhu ya yi.

Yana kuma da rumbun da ba a buɗewa sai damina ta tsaya, lokacin da aiki ya fi yawa abinci ya fi ƙaranci. Hatsin yana nan a zangarniyarsa ba a sussuke ba, irin shawarar da Annabi Yusufu (A.S) ya ba mutanen Masar. Ya sha hana kansa sayar da hatsi da kaka lokacin da tiya take arha don biki ko sabuwar riga. Da wannan rumbu ya riƙe gidansa da gidajen ƙannensa a 2005. Bai taɓa ba da rancen tiya ɗaya don a biya shi biyu da kaka ba, ko da yake wannan ciniki ya zama ruwan dare a karkara, kuma riba ce ko da wane suna aka kira ta.

Da makiyaya ma haka. Idan an saki gonaki, Buzaye da Fulani sukan sauka a gonarsa, dabbobinsu su ci kara su bar masa taki, shi ya ba su hatsi su ba shi nono. Akwai gidan makiyaya da suka yi zuriya uku suna sauka wurinsa. Da aka yi masa ɓarna wata shekara, aka kira masu shari'ar gari suka yanke diyya, ya karɓi rabi ya yafe rabi. A wannan zamani da jini yake zuba a arewacin jiharmu da kan iyakokinta, irin wannan zumunci ya fi ƙarfin a raina shi.

Maigida

Ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne masu yawa, wasu a ƙauye, wasu a Tawa da Yamai, wasu a ƙasashen waje. Tarbiyyarsa ba ta da yawan magana. Yaro ya fara binsa gona yana jefa iri, ya girma a ba shi hauya, ya yi aure a yanka masa gamana tasa bayan aikin gandu. Da asuba shi ne mai tada gida. Kowane ɗa nasa ya yi allo, na baya kuma suka haɗa da lakwal, mata da maza. Idan matan gida suka saɓa, ba ya yanke hukunci sai ya ji kowace ita kaɗai. Idan 'yarsa ta yi yaji, takan kwana biyu ta huce, sannan ya aika a kira mijin ya ji nasa bakin.

Shekaru kaɗan kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa da limamin gari da dattawa biyu, ya zaga da su iyakokin gonakinsa, ya nuna wadda ya gada, da wadda ya saya, da wadda take aro ce a hannunsa tun zamanin mahaifinsa, ya ce a mayar wa jikokin mai ita. Ya ambaci bashin da ake binsa, ya yafe wanda yake bi. Ya ja kunnen maza cewa 'yan'uwansu mata suna da rabonsu a ƙasa kamar yadda Suratun Nisa'i ta yanka. Duk wanda ya taɓa zama a fadar hakimi ko ɗakin shari'a a Tawa ya san yawan zumuncin da rikicin gona ya kashe. Wannan bawan Allah ya kashe wutar tun kafin ta kama.

Carbi da hauya

Ya karɓi wuridi yana da kusan shekara 30. Daga nan har ƙarfinsa ya ƙare, lazimin safe yana yin sa kafin ya fita gona, na yamma bayan La'asar ko da a gindin itace ne. Istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wazifa a cikin jama'a, zikirin Juma'a kafin faɗuwar rana. Shekara 60, sau biyu a yini, zama 43,800 ke nan a gaban Ubangiji. Ba ma kawo lissafin don mu ce aiki ne yake shigar da mutum Aljanna, rahamar Allah ce take shigarwa. Mun kawo shi don mu ga abin da ƙaramin aiki yake zama idan an ba shi shekaru.

Bai taɓa ganin cewa carbi yana hana hauya ba, ko hauya tana hana carbi. Shehu Ibrahim Inyass (R.T.A) da kansa ya yi noma, kuma a Kosi, ƙauyen gona kusa da Kaulaha, Faila ta bayyana a 1929. Sharuɗɗan ɗariƙarmu sun haɗa da kiyaye salloli biyar a kan lokaci, da biyayya ga iyaye, da nisantar yanke zumunci. Duk waɗannan a gida da gona da kasuwa ake gwada su. Wanda ya kwana yana zikiri ya wayi gari ya tura iyakar gonar maƙwabcinsa taki ɗaya, me zikirin ya gyara? Malaman tasawwufi sun daɗe suna faɗa mana cewa istiƙama ta fi karama. Mu kuwa mun fi son labarin wanda ya tashi sama. Ga wanda ya tsaya a ƙasa shekara 90 bai ci haƙƙin kowa ba.

A shekarunsa na ƙarshe ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Suratur Rum ta faɗi wannan tafiya: rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Sai ya zama jikoki ne suke kai shi masallaci, su kuma kai shi bakin gona idan hatsi ya yi bununi, ya shafa ganyen da hannu ya faɗa musu ko maimai ya yi kyau. Ya manta sunayen wasu jikokin, amma leɓɓansa ba su manta hailala ba. Abin da harshe ya saba da shi shekara 60 shi ne yake saura idan komai ya zube.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, dattawan da suka rage. Abu Dawuda ya ruwaito cewa girmama Musulmi mai furfura yana daga girmama Allah. Muna haɗa kuɗin mota mu tafi Maulidi Kiyota ko Kaulaha, kuma alheri ne. Amma akwai tsoho a bayan gidanka wanda rabonka da gaishe shi tun Sallah. Ka je ka zauna, ka tambaye shi yadda suka tsallake 1984, ka roƙi addu'arsa tun ana samu.

Na biyu, matasanmu da ke tafiya. Neman halal a ko'ina ibada ne, kuma kuɗin 'yan cin rani ne yake riƙe da gidaje da yawa a Adar. Sai dai kada nisa ya sa ku manta da wuridi, kada kuma ya sa ku manta da tsofaffin da kuka bari da hauya. Wanda ba zai iya dawowa damina ba, ya aiko da kuɗin iri da na 'yan ƙwadago a kan lokaci.

Na uku, magidanta. Ka fitar da zakkar hatsinka a gona. Ka bayyana iyakokinka da bashinka tun kana da baki. Ka ba 'ya'ya mata gadonsu. Ka dasa itace ko da ba za ka sha inuwarsa ba.

Na huɗu, kowa da kowa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Dattijon nan ya bar itatuwa, ya bar dabarar da maƙwabta suka koya a gonarsa, ya bar zuriya mai salla. Kowa ya dubi kansa ya ga wanne ya tanada.

Muna roƙon duk ɗan'uwan da ya karanta wannan ya yi masa hadiyyar Fatiha da Salatul Fatihi da Ƙulhuwallahu gwargwadon iko.

Ya Allah Ka jiƙan wannan bawa naKa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba iyalansa haƙuri, Ka haɗa kansu a bayansa. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmin da suka riga mu. Ya Allah Ka ba mu damina mai albarka, Ka tsare mu daga fari da fara da fitina, Ka zaunar da Adar da Nijar da ƙasashen Musulmi lafiya. Idan Ka tsawaita rayuwarmu Ka kyautata aikinmu, idan ajali ya zo Ka sa mu cika da kalmar shahada, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W). Amin.